Mai Ɗaki Shi Ya San Inda Yake Yoyo: Nasiha Ga Matasa Masu Binciken Kimiyya

Ƙannena ɗalibai, maza da mata, ku da kuke ajin ƙarshe a jami'a da ku da kuka shiga digiri na biyu ko na digirgir, da ku nake.

Duk sanda na zauna da ɗayanku muka taɓa hirar bincike, ba ma yin nisa sai maganar kuɗi ta shigo. Sinadarin gwaji ya yi tsada, na'urar sashe ta mutu tun bara, samfur sai an aika da shi wani gari kafin a auna, ga janareta yana jiran mai. In na tambaya daga ina ake sa ran agaji, amsar ba ta wuce uku: gwamnati, ko Turawa, ko aljihun Baba. Har yau ban ji wanda ya ambaci ƙungiyar 'yan kasuwa ba. A kan wannan ƙofa ta huɗu nake so in yi muku magana, yadda ake ƙwanƙwasa ta, da alherin da ke bayanta, da kuma ramin da ke bakinta.

Wata rana na raka wani ɗan'uwa kasuwar Dawanau sayen hatsi, muka zauna a rumfar wani dattijo mai harkar wake. Da ya ji an ce ni ɗan boko ne, sai ya ɗebo wake a tafin hannu ya miƙo mini, duk ƙwaro ya huda shi. Ya ce, "Malam, ku can a jami'a me kuke karantawa ne? In na bar shi haka, ƙwaro ya cinye mini jari. In na zuba magani, a ce na ba mutane guba." Maganarsa da tushe, domin a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan ragowar maganin ƙwari da aka riƙa samu a cikinsa. Ban iya ba shi amsa ba. Amma na san a ɗakunan karatu na jami'o'inmu akwai kundayen bincike a kan adana wake, an yi musu bango mai kyau, an jera a kanta, ƙura ta lulluɓe su. Tsakanin rumfar nan da jami'a mafi kusa tafiyar ba ta kai awa ɗaya ba. Mai ciwo yana nan, mai magani yana can, babu wanda ya san hanyar gidan wani.

Za ku ce, to me ya hana attajiri ɗaya ya ɗauki nauyin binciken a huta? Ku zauna a kujerarsa ku yi lissafi. Bincike yakan ci shekara biyu ko uku, kuma yana iya ƙarewa ba a samo komai ba. In ma an dace, dabarar kashe ƙwaron wake ba ta ɓoyuwa. Yau ka fara aiki da ita, gobe maƙwabcin rumfarka ya kwaikwaya bai biya ko sisi ba. Shi ya sa kowa yake naɗe hannu yana jiran wani ya fara. Ƙungiya ce ke warware wannan ƙulli. Matsalar da ta shafi kowa, kowa ya sa hannu a aljihu. In an yi asara ta rarrabu ta yi sauƙi, in an ci riba ta game kowa. Mu da muka tashi da karo-karo da aikin gayya, wannan bai kamata ya zame mana baƙo ba. Gonar da ake yi wa gayyar ce kawai ta sauya, ta koma ɗakin gwaje-gwaje.

Jamusawa sun daɗe da gane wannan lissafi, kuma ɗaya daga cikin abubuwan da suka buɗe musu ido yana cikin buhun takin da iyayenmu ke kaiwa gona. A 1909 wani malamin kwalejin fasaha ta birnin Karlsruhe, Fritz Haber, ya nuna cewa ana iya haɗa iskar naitirojin da ta haidirojin a samu amoniya. Kamfanin BASF ne ke tallafa wa aikinsa, kuma ma'aikacin kamfanin, Carl Bosch, shi ya jagoranci mayar da ɗan gwajin kan tebur zuwa masana'anta a 1913. Daga wannan amoniya ake yin yuriya har gobe. Masu masana'antu suka gani da idonsu cewa abin da malami ke taɓawa a ɗan ɗakinsa yana iya ciyar da kamfani shekara ɗari.

Da aka gama Yaƙin Duniya na Ɗaya, Jamus ta talauce, darajar kuɗinta ta zube, jami'o'i suka kasa sayen ko da mujallun kimiyya na ƙasashen waje. A cikin wannan ƙunci, a 1920, masu masana'antu da bankuna suka kafa ƙungiya mai suna Stifterverband, wato haɗakar masu ba da gudummawa, don tara wa kimiyya kuɗi. Bayan Yaƙi na Biyu, biranensu na kwance a rushe, suka sake tayar da ita a 1949. Ku lura da lokutan nan biyu. Ba su ce sai kasuwa ta gyaru ba; a ganinsu binciken na cikin abin da zai gyara kasuwar. Yau cibiyar ƙungiyar tana birnin Essen, membobinta sun haura 3,000, kamfanoni da ƙungiyoyinsu da gidauniyoyi da ɗaiɗaikun mutane. Takan biya albashin kujerar farfesa a sabon fanni na wasu shekaru kafin jami'a ta karɓa, takan ba da kyaututtuka, kuma ita ke tattara alƙaluman abin da kamfanonin ƙasar ke kashewa a bincike. Wajen kashi biyu cikin uku na duk kuɗin bincike a Jamus daga aljihun kamfanoni yake fitowa.

Wanda ya fi shafarku kai tsaye shi ne asusun da ƙungiyar masu masana'antun sinadarai ta Jamus ta kafa a 1950. Wannan asusu yana bin yaro tun daga tushe. Yana ba makarantun sakandare kuɗin kayan gwaji don ɗalibi ya taɓa kwalba da hannunsa. Yana da tallafi mai sunan masani Kekulé ga haziƙan masu digirin digirgir. Yana da wani mai sunan Liebig ga matashin da ya gama digirgir yana son ya kafa nasa rukunin bincike, ya tsaya da ƙafarsa kafin ya zama farfesa. Wanda ya san Kantin Kwari ya san wannan tsari. Uban gida yakan ɗauki yaro ya koya masa ciniki, in ya ga ya nuna, sai ya sallame shi da jari ya buɗe nasa shago. Masu sinadarai na Jamus sun san ba duk yaran nan ne za su dawo su yi musu aiki ba. Wasu jami'a za su zauna, wasu ma ƙasar za su bari. Amma sun san muddin ƙasar na fitar da ƙwararru, kowane kamfani zai samu na ɗauka. Da irin wannan tunani gwamnatin ƙasar ta fito da wani tallafi a 2011: ɗalibi yana karɓar Yuro 300 a wata, rabi daga kamfani ko gidauniya ko wani mai hali, rabi daga gwamnatin tarayya.

Akwai kuma na ƙananan masana'antu, waɗanda suka fi kama da namu. Mai ɗan kamfanin saƙa ko na takarda ko na sarrafa abinci ba shi da ƙarfin gina ɗakin bincike. Don haka masu sana'a ɗaya sukan kafa ƙungiyar bincike, kuma tun 1954 waɗannan ƙungiyoyi suka haɗu a inuwa ɗaya mai suna AiF. 'Yan sana'ar ne ke faɗin abin da ke damunsu, jami'a ko cibiyar bincike ta yi aikin, gwamnati ta sa nata kason, wakilan kamfanoni su riƙa zama da masu binciken lokaci-lokaci suna duba inda aka kwana. Sakamakon kuwa na kowa ne, ana wallafa shi. Yawancin masu riƙe da kwalba da awo a irin wannan aiki matasa ne irinku, da shi suke samun digirinsu, a nan kuma masu kamfani ke ganin hannunsu. Amurkawa ma haka suka yi da suka ga Japan na neman ƙwace musu kasuwar 'yan mitsi-mitsin sassan da ke zama ƙwaƙwalwar kwamfuta: a 1982 ƙungiyar masu ƙera su ta kafa wata hukuma mai suna SRC, kamfanonin da ke hamayya da juna suka zuba kuɗi wuri ɗaya don bincike a jami'o'i, dubban ɗalibai suka yi karatu da shi.

Kada ku ɗauka labarin ƙetare ne kurum. An yi shi a ƙasarmu ma, sai dai da kuɗin wasu, don bukatar wasu. A 1902 masu masaƙu da 'yan kasuwar yankin Lancashire na Ingila suka kafa ƙungiyar bunƙasa noman auduga, BCGA, a birnin Manchester, domin sun gaji da dogaro da audugar Amurka. Idonsu ya faɗa kan Arewacin Najeriya. Suna cikin waɗanda suka matsa a kawo layin dogo, wanda ya iso Kano a 1911, suka kafa injinan gurzar auduga a Zariya da Funtuwa da Gusau da wasu garuruwa. A 1921 aka kafa wata hukuma, Empire Cotton Growing Corporation, da tallafin gwamnatin Ingila da kuma ɗan kuɗin da masu masaƙu ke biya a kan kowace dila ta auduga. Da kuɗin ta riƙa ɗaukar matasan da suka gama jami'a tana horar da su a Cambridge da tsibirin Trinidad, sannan a tura su ƙasashen da Ingila ke mulka. Masananta sun yi aiki a Samaru, inda aka buɗe tashar binciken noma a 1922, tashar da ta zama Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Daga irin audugar Amurka mai suna Allen aka fitar da ire-iren da manomanmu suka shuka shekara da shekaru.

Aiki ne mai inganci, mun kuma ci moriyarsa. Amma ku tambayi kanku, wace tambaya aka je amsawa? Tambayar ita ce wace auduga ce ta dace da injinan Lancashire. Masaƙan ƙasar Kano da marinan Kura, waɗanda a farkon zamanin nan sukan biya manomi fiye da farashin Bature, ba don su aka buɗe ɗakin binciken ba. Mai biyan kuɗi shi ke zaɓen tambaya. Muddin ƙungiyoyinmu ba su sa kuɗi a bincike ba, tambayoyinmu za su ci gaba da zama a tafin hannun dattijon Dawanau, ku kuma za ku ci gaba da amsa tambayoyin da aka rubuto muku daga nesa.

Zaɓen tambaya haƙƙin mai kuɗi ne, babu laifi. Ramin da na ce yana bakin ƙofa shi ne ranar da mai kuɗi ya ce zai zaɓi amsa. A 1965 wata gidauniyar bincike ta masu sana'ar sukari a Amurka ta biya wasu masanan Jami'ar Harvard Dala 6,500 su yi bitar abin da aka gano game da abinci da ciwon zuciya. Bitar ta fito a 1967 a ɗaya daga cikin manyan mujallun likitanci na duniya, ta sassauta wa sukari, ta ɗora laifi a kan kitse, kuma ba a faɗi wanda ya biya ba. Sai a 2016 wasu masu bincike na Jami'ar California suka tono wasiƙun da aka yi musaya. Masanan duk sun riga mu gidan gaskiya, amma sunayensu na nan ana ambata da wannan tabo. Kamfanonin taba sun yi wanda ya fi wannan muni. A farkon 1954 suka sanar a ɗaruruwan jaridu cewa sun kafa kwamitin bincike a kan taba da lafiya. Kwamitin ya raba kuɗi ga masana na gaske, amma babban aikinsa shi ne ya sa jama'a su ci gaba da kokwanto a kan cewa taba na jawo sankarar huhu. Sai a 1998, bayan shari'o'in da jihohin Amurka suka shigar, aka tilasta rushe shi. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Saboda haka tun kafin ku karɓi ladan, ku tabbata kun san irin askin. Kuɗin ƙungiya yana iya sayen lokacinku da sinadarinku da man janaretanku. Abin da ma'auni ya nuna kuwa ba na sayarwa ba ne.

To a gida me muke da shi? Kuɗin 'yan kasuwa ya daɗe yana shiga jami'o'in Najeriya, amma ta hanyar haraji. Bayan yarjejeniyar da ƙungiyar malaman jami'o'i ta cim ma da gwamnati a 1992, lokacin Attahiru Jega na shugabancinta, aka yi dokar 1993 da ta ɗora wa kamfanoni harajin ilimi na kashi 2 cikin 100 na ribarsu. Asusun da ake tara harajin ya koma TETFund a 2011, harajin kuma ya kai kashi 3 a 2023. Gine-gine da yawa da kuke karatu a ciki da digirin malamanku da dama daga nan suka fito. Sai dai wanda ya biya harajin bai taɓa ganin fuskar ɗalibin ba, ɗalibin ma bai san ciwon wanda ya biya ba. Kamfanin iskar gas na NLNG yana ba da kyautar kimiyya tun 2004, wadda ta kai Dala 100,000, amma kyauta sai aiki ya kammala take zuwa. Abin da ya fi kusa da tsarin da nake faɗa muku shi ne irin haɗin da ƙungiyar masu kamfanonin fulawa ta yi da manoman alkama da Cibiyar Binciken Tafkin Chadi ta Maiduguri a kan iri da gonakin gwaji. Irin wannan ya yi mana kaɗan, alhali ƙungiyoyin na nan birjik: ƙungiyar masu masana'antu ta MAN da aka kafa a 1971, da cibiyoyin ciniki na Kano da Kaduna, da ƙungiyoyin masu casar shinkafa, da masu kiwon kaji, da majema, da 'yan albasa, da 'yan tumatir, da na kowane layi a manyan kasuwanni. Cibiyoyin bincike ma na nan: ta fata da ta sinadarai a Zariya, ta dabbobi a Shika, ta noman ƙasa mai ƙarancin ruwa a Jami'ar Bayero, ga INRAN a Nijar. Mai zirga-zirga tsakani ne babu, kuma ku ne kuke da ƙafar yin ta.

Nasihata ta farko, ku shiga kasuwa kafin ku zaɓi abin da za ku bincika. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Ku zauna a rumfa, ku sha shayi, ku yi tambaya ɗaya: "Alhaji, me ya fi cinye maka riba a shekara?" Ɗan albasa na Aliero ko na Galmi zai ba ku labarin yadda take ruɓewa a rudu kafin farashi ya tashi. Manomin tumatir na Kadawa zai tuna muku 2016, shekarar da tsutsar da suke kira sharon ta share gonaki. Mai kamfanin jima a Chalawa yana fama da ruwan dattin da ke ɗauke da sinadarin kuromiyam. Mai fitar da riɗi da zoɓo yana kwana da fargabar a dawo masa da kaya daga tashar jirgin ruwa. Watannin SIWES na koyon aiki a masana'antu da wasunku ke ɗauka hutu, ku mayar da su lokacin wannan kasa kunne. Ku kuma 'yan mata kuna da wata dama da maza ba su da ita: kuna iya shiga gida ku zauna da ƙungiyoyin mata masu turara shinkafa da masu matsar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, ku ga yadda hayaƙi ke cin idonsu, ku ga yadda gyaɗa ke yin fumfuna mai guba a ajiya. Waɗannan duk batutuwan digiri ne.

Ta biyu, ku shiga ta ƙofa. Kowace ƙungiya tana da shugaba da sakatare da dattawanta. Ku je da malamin da ke duba aikinku, ko da takarda daga sashe, ku nemi a ba ku minti goma a zamansu. Abin da za ku miƙa kada ya wuce shafi ɗaya, da Hausa in Hausa suke ji. Ku ajiye manyan kalmomin da kuke burge juna da su a taron ƙara wa juna sani. Ɗan kasuwa da buhu da Naira yake tunani. Ku ce masa, a misali: "A cikin buhu ɗari nawa ke lalacewa kafin damina? Ina so in gwada hanya uku na adanawa, wata shida, ga abin da zai ci, ga ranar da zan dawo da bayani." In kun kasa bayyana aikinku haka, alama ce ku ma ba ku gama fahimtarsa ba.

Ta uku, ku fara da ƙarami, kada kuma ku ɗauka taimako sai tsabar kuɗi. Ƙungiya na iya ba ku samfur kyauta, da kusurwar sito, da kujera a motar da ke zuwa ƙauye, da izinin amfani da injin wani memba, da littattafan ciniki na shekaru waɗanda babu mai bincike da ya taɓa buɗewa. Wani lokaci wannan ya fi kuɗi daraja. Sannan ku nuna a fili. Buhun nan mai ninki uku na adana wake ba tare da magani ba, wanda ake kira PICS, ya samo asali ne daga aikin masanan Jami'ar Purdue ta Amurka da takwarorinsu na Marwa a Kamaru, kuma ana yin sa a Kano. Ya karɓu ne domin an riƙa ɗaure shi a gaban jama'a a ƙauye, bayan watanni a tara su a kwance a gabansu, kowa ya sa hannu ya ɗebo. Gani ya kori ji. Ku yi wa ƙungiya irin wannan sau ɗaya, ba sai kun roƙi na biyu ba.

Ta huɗu, komai a rubuce. Kunya tana hana mu neman takarda daga babba, amma takardar ce ke tsare mutuncin kowa. A rubuta nawa aka bayar, don me, zuwa yaushe. A rubuta cewa kuna da ikon wallafa abin da kuka samu, ko ya yi daɗi ko bai yi ba. In akwai sirrin sana'a da suke so a jinkirta, a faɗi tsawon jinkirin. A rubuta wa ke da mallakar abin da aka ƙirƙira, domin in ƙirƙirar ta yi kasuwa a nan zumunci ke lalacewa. Jami'o'i da dama suna da ofishin kare haƙƙin ƙirƙira da hukumar NOTAP ta taimaka aka kafa; ku nemi na makarantarku tun kafin ku sa hannu. Kuɗin ya bi ta asusun makaranta da sanin malaminku. In kun zo wallafawa, ku faɗi wanda ya biya a fili. Da masanan Harvard sun rubuta wannan layi ɗaya, da mai karatu ya san da wane ido zai karanta.

Ta biyar, kada ku yi alkawarin sakamako. Ku yi alkawarin aiki da gaskiya. Ranar gwaji tana zuwa, kuma ba lallai ta zo da mugun mutum ba. Wataƙila dattijon da ya riƙe ku kamar ɗa ne zai ce, "Ɗana, wannan adadin a ɗan sassauta shi, kada a rufe mana kasuwa." Ku russuna, ku ba shi girmansa, ku ce masa adadin ba zai taɓu ba, amma za ku zauna tare a nemi yadda za a gyara kayan. Gara ya ji daga bakinku a rumfarsa da ya ji daga ɗakin awo na Turai bayan ya biya kuɗin jirgi. In gwaji bai yi ba, ku faɗa. Sanin hanyar da ba ta ɓullewa ma ya tsare musu kuɗi. Ramin ƙarya ƙurarre ne, a kimiyya kuwa ya fi ƙurewa, domin wani zai maimaita awon.

Ta shida, ku riƙe amanar kuɗi. Kowace kwalba da rasit ɗinta, abin da ya saura a mayar. Ku koma ku yi bayani ko ba a kira ku ba, ku kai musu kwafin kundin da taƙaitawa da Hausa. Ɗalibi ɗaya da ya karɓi kuɗin ƙungiya ya sayi waya ya ɓace, ya rufe wa goma na bayansa ƙofa. Don tuwon gobe ake wanke tukunya, kuma tuwon goben nan ƙannenku ne za su ci.

Ku masu lissafi da fiziya da sauran fannonin da ba a ganin kasuwarsu yau, kada ku ji an bar ku a baya. Asusun masu sinadarai na Jamus da na ambata, binciken tushe yake tallafawa, wanda babu mai cewa ga ranar da zai zama haja. Sai dai irin wannan yarda ba a fara ta daga sama. Ƙungiyar da aka magance mata ruɓewar albasa bana, ita ce za ta saurari mai lissafi baɗi.

Saura ku 'ya'yan kasuwa, da yawanku kuna aji ɗaya da sauran ɗalibai, kuma nan da 'yan shekaru ku ne sakatarori da ma'ajin ƙungiyoyin iyayenku. Ƙungiyoyin nan sun saba karɓar kuɗi, suna ɗaukar masu gadi, suna gyara kwata, suna sayen taransifoma, suna gina masallaci. Ku kawo shawarar a ware ɗan wani abu a kan kowane buhu ko kowace mota don bincike, a kafa kwamiti na 'yan kasuwa da malamai, a yi shela ɗalibai su nema, a zaɓa da cancanta ko ɗan waye, a kuma karanta sakamakon a gaban kowa. Masu masaƙun Lancashire da ɗan kuɗin kan dila suka yi nasu, har ya iso Samaru.

Ƙannena, kafin zangon karatun nan ya ƙare, kowannenku ya ware yini ɗaya ya je kasuwa ko masana'antar da ta fi kusa da fanninsa, da littafi da biro, ya yi sallama, ya tambayi abin da ke cinye riba, ya rubuta amsar da kalmomin mai ita. Ya kawo wa malaminsa su duba tare. Allah Ya ba ku ilimi mai amfani, Ya kuma tsare muku amana.